Matuƙi ne ko babur? Amsa a kan rayuwar Valentino Rossi a fagen tsere

Tambaya: Ina yawan jin ana cewa Valentino Rossi shi ne gwanin gwanaye a tseren babura, alhali da na duba sai na ga Giacomo Agostini ya fi shi yawan kambu, Marc Márquez kuma ya kamo shi. Shin da gaske gwaninta ce ta kai shi inda ya kai, ko kuwa dace kawai ya yi da babura masu ƙarfi?

Amsa: Lissafin da ka yi daidai ne, kuma babu wanda ya san wannan wasa da zai yi jayayya da shi. Agostini ya ci kambun duniya sau 15 da tsere 122, Ángel Nieto na Sifaniya ya ci kambu 13 a ƙananan azuzuwa, shi kuwa Rossi kambu 9 gare shi da tsere 115, kuma a shekarar 2025 Márquez ya cika nasa kambun na tara. Inda Rossi ya tsere wa kowa shi ne a babban aji, wato 500cc da MotoGP da ya gaje shi, domin a nan ya ci tsere 89, ya kuma shiga cikin ukun farko sau 199. Sai dai gwama alƙaluman zamani da zamani ba ya kai mutum ko'ina. A zamanin Agostini matuƙi yakan shiga aji biyu a rana guda, ya tara kambu biyu a shekara, kuma bayan da kamfanin Honda ya janye daga gasar a ƙarshen 1967, an yi shekaru babu wani babur da ke iya bin MV Agusta ɗin da yake hawa. Saboda haka kashi na biyu na tambayarka ya fi na farko amfani, kuma an yi sa'a rayuwar Rossi ta gwada wannan magana har sau biyu, a 2004 da kuma 2011, kowanne gwaji da irin sakamakon da ya bayar.

An haife shi a Urbino ranar 16 ga Fabrairu, 1979, ya tashi a Tavullia, wani ƙaramin gari kusa da Pesaro a Italiya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinsa, Graziano Rossi, ya ci tsere uku a ajin 250cc a shekarar da aka haifi yaron, da lamba 46 a gaban baburinsa, kuma wannan lambar ce ɗan ya riƙe har ya yi ritaya, bai taɓa yarda ya musanya ta da lamba 1 da ake ba zakara ba. Ya shiga gasar duniya a 1996 a ajin 125cc a kan babur ɗin Aprilia, ya ci tserensa na farko a Brno cikin watan Agusta na wannan shekarar, ya ƙare kakar a mataki na tara. A 1997 ya ci tsere 11 cikin 15 ya ɗauki kambu. Daga nan aka fara ganin wata ɗabi'a da ta bi shi: shekarar farko a kowane aji ta koyo ce, ta biyu ta cin kambu. A 250cc ya zo na biyu a bayan Loris Capirossi a 1998, ya ci a 1999. A 500cc ya zo na biyu a bayan Kenny Roberts ƙarami a 2000, ya ci a 2001.

Wannan kambu na 2001 yana da nauyi na musamman a wurin waɗanda suka san babura, domin shi ne na ƙarshe da aka ci kafin a sauya wa ajin fasali. Baburan 500cc injinsu mai bugu biyu ne, irin wanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai yana hayaƙi, kuma ƙarfinsu ba ya zuwa sannu a hankali, zuwa yake yi farat ɗaya. Idan matuƙi ya murɗa totur fiye da kima a tsakiyar kwana, tayar baya takan zame, sannan ta kama ƙasa ba zato, sai babur ya cilla shi sama. Babu na'urar kwamfuta da za ta rage masa wutar, hannunsa na dama ne kaɗai ke tsakaninsa da asibiti. Irin waɗannan baburan ne suka bar Wayne Rainey a keken guragu bayan faɗuwarsa a Misano a 1993, su ne kuma suka kawo ƙarshen tseren Mick Doohan a 1999, bayan ya ci kambu biyar a jere. Rossi ya gaji kanikawan Doohan ɗin ne a Honda, ƙarƙashin shugabansu Jeremy Burgess, mutumin Ostireliya, kuma wannan haɗuwa ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya har tsawon shekara 14.

A 2002 aka buɗe ƙofa ga injuna masu bugu huɗu masu girman 990cc, aka raɗa wa ajin suna MotoGP. Honda ta fito da RC211V mai silinda biyar, kuma a gaskiya babur ɗin ya fi na kowa nesa ba kusa ba. Cikin tsere 16 na 2002, matuƙan Honda sun ci 14, a 2003 kuma suka ci 15 cikin 16. Rossi ya ci 11 a shekarar farko, 9 a ta biyu, amma Sete Gibernau da Max Biaggi da Alex Barros da Tohru Ukawa duk sun ci tsere a kan wannan babur. Wanda ya yi irin tambayarka a ƙarshen 2003 yana da hujja mai ƙarfi, kuma manyan Honda da kansu ba su ɓoye ra'ayinsu cewa fasahar kamfanin ce ke cin tsere ba. Wannan ne ya ɓata wa Rossi rai har ya bar su. Duk da haka, ko a lokacin akwai alamar da mai lura zai gani. A Phillip Island a 2003 an ci shi tarar sakan 10 saboda ya wuce wani matuƙi a lokacin da ake kaɗa tutar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, da aka nuna masa allon sai ya ƙara wuta, ya ba na biyu tazarar sama da sakan 15, har tarar ba ta hana shi ci ba. A ranar ne mutane suka gane cewa a sauran tseren ba duka ƙarfinsa yake fitarwa ba.

Yamaha da ya koma a 2004 tana cikin mawuyacin hali. Rabonta da kambun babban aji tun 1992 a hannun Rainey, kuma a kakar 2003 gaba ɗaya sau ɗaya tak wani matuƙinta ya shiga cikin ukun farko, lokacin da Barros ya zo na uku a Le Mans. Davide Brivio, manajan tawagar, shi ya yi ta zawarcin Rossi har ya amince, Burgess da yawancin kanikawansa kuma suka biyo shi. Honda ta riƙe shi da yarjejeniyarsu har ranar ƙarshe ta 2003, ta hana shi taɓa sabon babur ɗin a gwaje-gwajen ƙarshen shekara, don haka sai a watan Janairu a Sepang ta Malesiya ya fara hawa YZR-M1, saura wata uku kacal a fara gasa.

Abin da ya faru a wannan gwajin shi ne zuciyar amsar tambayarka. Babban injiniyan Yamaha, Masao Furusawa, ya kawo injuna iri-iri domin Rossi ya gwada, kuma a cikinsu akwai wanda aka sauya wa tsarin karanshaf yadda silinda huɗun ba sa tashi a tazara daidai wa daida. Wannan injin bai kai sauran ƙarfi a ma'auni ba, amma yana isar da ƙarfin zuwa tayar baya cikin laushi, ta yadda matuƙi zai ji a jikinsa lokacin da tayar ke shirin zamewa tun kafin ta zame. Rossi ya zaɓe shi, ya bar masu ƙarfin. Matuƙi da yawa sun iya gudu, amma kaɗan ne ke iya sauka daga babur bayan zagaye biyar ko shida su zauna su bayyana wa injiniya, daki-daki, abin da tayar gaba ke yi wajen shiga kwana, da abin da ta baya ke yi wajen fita, da wanda ya kamata a fara gyarawa a cikin matsalolin. Rossi yana da wannan baiwa, Burgess kuma ya san yadda zai mai da bayanin zuwa gyaran shokozoba da daidaita nauyi da tsayin babur. Don haka babur ɗin da ya fito tsere a watan Afrilu ba shi ne wanda ya kasa a 2003 ba, amma matuƙin ne ya nuna hanyar da aka bi aka gyara shi.

Tseren farko na kakar a nahiyarmu aka yi shi, a filin Phakisa da ke Welkom a Afirka ta Kudu, ranar 18 ga Afrilu, 2004. Rossi da Biaggi, wanda ke kan Honda kuma tsohon abokin gabarsa ne tun rigimar da ta kai su ga ba hammata iska a Barcelona a 2001, suka yi ta musayar jagoranci tun daga farko har ƙarshe, Rossi ya ci da tazarar da ba ta kai rubu'in sakan ba. Da haka ya zama mutum na farko da ya ci tsere biyu a jere a babban aji a kan baburan kamfani biyu daban-daban, domin shi ne ya ci tseren ƙarshe na 2003 a Valencia a kan Honda. Ya ƙare kakar da nasara 9 da maki 304, Gibernau yana biye da 257. Abokin tawagarsa Carlos Checa, a kan babur iri ɗaya, na bakwai ya zo. A 2005 ya ci tsere 11, ya ba Marco Melandri da ya zo na biyu ratar maki 147, kuma a waɗannan shekaru biyun babu wani matuƙin Yamaha da ya ci ko tsere ɗaya in ba shi ba. Adalci ne a faɗa cewa ba shi ya fara sauya kamfani ya ci kambu ba: Agostini ya yi haka da Yamaha a 1975, Eddie Lawson kuma ya ci da Yamaha a 1988 ya koma Honda ya ci a 1989. Bambancin shi ne su biyun sun koma kan baburan da dama suna cin tsere, shi kuwa ya koma kan wanda kowa ya yanke wa ƙauna.

Kambun 2006 ya kuɓuce masa ta hanyar da har yau magoya bayansa ke jin zafinta. A Estoril, tsere na kusa da ƙarshe, Toni Elías ya riga shi ƙetare layi da tazarar sakan 0.002, wanda ya rage masa maki biyar. Ya je Valencia yana gaban Nicky Hayden da maki takwas, ya faɗi a zagaye na biyar ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ya tashi ya ƙare na 13, Hayden ya ɗauki kambu da maki 252 a kan 247. A 2007 aka rage girman injuna zuwa 800cc, Casey Stoner ya zo da Ducati mai tsananin gudu a miƙaƙƙiyar hanya da tayoyin Bridgestone, ya share kowa. Rossi ya matsa lamba aka sauya masa tayoyi daga Michelin zuwa Bridgestone, ya dawo ya ci kambun 2008 da na 2009. Tsere biyu daga wannan zangon sun nuna wani ɓangare na gwanintarsa da ba ya fitowa a alƙaluma. A Laguna Seca ta Amurka a 2008 Stoner ya fi shi sauri ƙarara a duk atisayen ƙarshen makon, sai Rossi ya ƙudurta cewa ba zai bari ya samu fili a gabansa ba, duk lokacin da Stoner ya wuce sai ya sake shan gabansa nan take, har ya bi ta kan tsakuwa a gangaren nan da ake kira Corkscrew, ya dame masa lissafi har Stoner ya kauce hanya ya faɗi. A Barcelona a 2009 kuma ya wuce abokin tawagarsa Jorge Lorenzo a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe, wurin da masana suka yi ittifaƙin ba a iya wuce mutum. Bayan mako biyu ya ci tserensa na 100 a Assen ta ƙasar Holan.

Gwaji na biyu ya zo ne bayan shekarar 2010, wadda a cikinta ya karye a ƙafar dama lokacin atisaye a Mugello, tsere huɗu suka wuce shi, Lorenzo ya zama zakara kuma ya zama wanda Yamaha ke gina gobenta a kansa. Rossi ya koma Ducati, ɗan Italiya a kan babur ɗin Italiya, da Burgess da kanikawansa, kuma kusan kowa ya ɗauka tarihin 2004 zai maimaita kansa, musamman da yake Stoner ya ci tsere uku a kan wannan babur a ƙarshen 2010. Shekara biyu ya yi a can bai ci tsere ko ɗaya ba. Sau uku kawai ya shiga cikin ukun farko, biyu a Le Mans, ɗaya a Misano, ya ƙare na bakwai a 2011, na shida a 2012. Matsalar tana gaban babur ɗin. Ducati ta gina shi ne ba tare da cikakken firam irin na baburan Japan ba, injin ne ke ɗauke da nauyin, gaban kuma an yi shi da zaren kabon mai tauri, saboda haka matuƙi ba ya jin abin da tayar gaba ke yi har sai ta zame. Salon Rossi kacokan a kan tayar gaba ya dogara: yakan jinkirta taka birki, ya shiga kwana yana riƙe da shi, ya bi ta da gudu. Stoner kuwa, wanda ya tashi yana tsere a kan turɓaya a Ostireliya, da totur da tayar baya yake juya babur, don haka lahanin bai dame shi kamar sauran ba. An yi ta sauya wa Rossi sassa har aka kai ga yi masa firam na alminiyam a 2012, amma ratar ba ta rufu ba. A ganina wannan zangon ya ƙara wa Stoner daraja fiye da yadda ya rage wa Rossi, ya kuma nuna iyakar maganar nan da ake danganta wa Burgess cewa kashi 80 na tseren babur matuƙi ne, 20 babur. Idan kashi 20 ɗin bai dace da hannun matuƙin ba, kuma kamfanin bai iya sauya shi cikin lokaci ba, sauran 80 ɗin ba sa kai shi gaba. A cikin wannan zangon ne kuma abokinsa na kusa, Marco Simoncelli, ya rasu a Sepang ranar 23 ga Oktoba, 2011, bayan ya zame ya faɗo a gaban Colin Edwards da Rossi, babu yadda za su kauce masa.

Rossi ya dawo Yamaha a 2013 yana da shekara 34, a matsayin na biyu ga Lorenzo, a daidai lokacin da Márquez ya shigo da sabon salo na kwantar da babur har gwiwar hannu tana shafar kwalta. Mafi yawan zakaru a wannan shekarun gida suke komawa. Shi kuwa ya rabu da Burgess a ƙarshen kakar, ya ɗauko Silvano Galbusera, ya sake koyon zama a kan babur yadda zai fitar da jikinsa sosai zuwa cikin kwana kamar yaran, ya zo na biyu a gasar sau uku a jere, a 2014 da 2015 da 2016. Wannan a wurina ya fi wasu kambunansa na Honda nuna ko shi wane ne.

Kakar 2015 ita ce ta fi kusa, kuma ita ce ta fi jawo ce-ce-ku-ce. Yana jagorancin gasar ya je Sepang, sai a taron manema labarai na ranar Alhamis ya zargi Márquez da cewa ya yi wasa da tseren Phillip Island domin ya taimaki Lorenzo. Ranar Lahadi su biyun suka yi ta gumurzu, a zagaye na bakwai Rossi ya rage gudu ya tura shi gefen hanya, suka gogi juna, Márquez ya faɗi. Alƙalan tsere suka ba Rossi makin horo uku, da aka haɗa da ɗaya da yake da shi tun Misano sai ya zama dole ya tashi daga sahun ƙarshe a Valencia. Ya ratso har zuwa na huɗu, amma Lorenzo ya ci tseren ya ɗauki kambu da maki 330 a kan 325. Ko Rossi ya yi shuri ko bai yi ba, kowane ɓangare yana da hoton da yake kafa hujja da shi. Abin da nake iya cewa shi ne dabarar rikita abokin hamayya da baki, wadda ta yi masa aiki a kan Biaggi da Gibernau, ta juya masa a wannan karon, domin ya tsokano mutumin da ba ya cikin neman kambun kuma ba shi da abin da zai rasa. Sannan Lorenzo ya ci tsere bakwai a shekarar, Rossi huɗu, don haka ba za a ce kambun ya tafi hannun wanda bai cancanta ba.

Nasararsa ta ƙarshe a Assen ce a watan Yuni na 2017, yana da shekara 38, kusan shekara 21 bayan ta farko a Brno. A tsakanin waɗannan biyun ya ci tsere a kan 125cc da 250cc da 500cc da 990cc da 800cc da 1000cc, a kan tayoyin kamfanoni daban-daban, tun daga zamanin da babu na'urar da ke taimakon matuƙi har zuwa zamanin da kwamfuta ke daidaita ƙarfin inji a kowace kwana. Shekarunsa na ƙarshe ba su yi armashi ba, rabonsa da shiga ukun farko tun Jerez a watan Yuli na 2020, kuma ya yi tserensa na 432, wanda shi ne na ƙarshe, a Valencia ranar 14 ga Nuwamba, 2021, ya zo na goma. Daga nan ya koma tseren motoci.

Wanda ya ci wancan tseren na Valencia, Francesco Bagnaia, almajirinsa ne. Tun yana tsere Rossi ya gina filin atisaye na turɓaya a Tavullia, ya kafa makarantar VR46 domin rainon matasan Italiya a lokacin da 'yan Sifaniya suka mamaye wasan, yana shiga cikinsu ana tsere tare a ƙarshen mako, shi ma yana ɗaukar sabon salo daga gare su. Daga wannan makaranta Franco Morbidelli ya ci kambun Moto2, wato ajin da ke ƙasa da MotoGP, a 2017, Bagnaia ya ci a 2018, Marco Bezzecchi da Luca Marini, ƙanin Rossi da suke uwa ɗaya, suka yi tsere a MotoGP a cikin tawagar da Rossi ya mallaka. Bagnaia ya ci kambun MotoGP a 2022 da 2023 a kan Ducati, wadda injiniya Gigi Dall'Igna ya sake wa gini tun daga tushe bayan ya karɓi ragamar sashen tserenta a ƙarshen 2013, kuma kambun 2022 shi ne na farko da wani matuƙin kamfanin ya samu tun na Stoner a 2007.